Harshen Hamad da Gwangwanin Goruba

Hamad Yelwa ba malami ba ne, ba kuma mai hali ba. Katifa yake ɗinkawa a wani lungu a unguwar Arba wa Nus, ya buga auduga, ya cusa, ya ɗinke, tun zuwansa Alƙahira daga Gadarif. Amma in Babbar Salla ta zo, babu gidan mutanenmu a unguwar da ba a ambaton sunansa. Ni Ya'ƙub, gadin benen da yake haya nake yi. Shekara goma sha ɗaya muna shan shayi tare bayan la'asar a bakin ƙofa. Abin da na gani shi zan faɗa.

Mu Hausawan Sudan muna yin sharbot da layya. Dabino ake dafawa, a zuba citta da kirfa da ɗan tsiron dawa, a rufe a jarka, a sha bayan an ci nama don ya sauka. Rana ta farko zaƙi ne zalla. Rana ta biyu ya soma tsami yana ɗan cizon harshe, daga nan daɗinsa yake ta ƙaruwa. To sai dai akwai wata gaɓa, ba ta da agogo, wani lokaci hantsin rana ta uku, wani lokaci sai ta huɗu in ana sanyi, wadda in ya wuce ta ya zama giya. Ba mai son zubarwa da wuri, dabino ba banza ba ne. Ba kuma mai son ya bugu ranar ibada.

Hamad ne ya san wannan gaɓar. A wurin mahaifiyarsa ya koya. Mata su kawo ɗan kwano, ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya rufe ido, ya saki numfashi ta hanci, ya tofar a kwata. Sannan ya faɗi kalma ɗaya, ko "sha" ko "zubar". Ba a biyansa, ba ya kuma ƙara bayani.

Dije, 'yar kawunsa, ita kaɗai ke musu da shi, don taubasai ne. Wata shekara ya kurɓi nata ya ce, "Zubar."

"A kanka zan zubar, tsohon banza. Kilo uku na dabino!"

"Kaina ba ya maye. Mijinki nake ji wa, shi da ko ruwa ya sha sai ya yi tangaɗi."

Ta zage shi tas, ta koma gida ta tuntsure jarkar a makwarara. Haka maganarsa take a wurinmu. Har ɗaliban Najeriya da ke karatu a unguwar Darrasa, in an gayyace su cin naman salla aka miƙo musu kofi, sai su tambaya, "Baba Hamad ya ce a sha?" Ɗaya daga cikinsu, Ja'afar, mutumin Gusau, wanda ya gama karatu ya buɗe ɗan kanti a can, ya taɓa ce mini, "Baba, littafi ya gaya mana hukunci, amma littafi ba shi da harshe."

Cikin sanyin farkon 2013 Hamad ya kwanta. Zazzaɓi ne da mura mai nauyi, har gefen bakinsa ya ɗan karkace. 'Yarsa Bakhita ta yi jinyarsa kusan wata guda, don matarsa Fatuma ta riga mu gidan gaskiya tun a Sudan. Ya tashi, bakin ya koma daidai, ya koma bakin aikinsa.

Wata la'asar na haɗa shayi, wani mai haya ya kira ni kan famfo, na dawo na miƙa wa Hamad nasa. Sai da na kurɓi nawa na ji ban sa sukari ba. Hamad kuwa cokali uku yake sha. In ka sa biyu da rabi sai ya dube ka ya ce, "Ya zol, bawan Allah, yaƙi ake yi?" Ran nan ya shanye shi tas, ya ajiye kofi, ya ce, "Ya yi."

Na dube shi. Ya dube ni. Ina jin ya ga gwangwanin sukarin a rufe inda na bar shi. Muka yi maganar tsadar auduga.

Da layyar wannan shekarar ta zo, na zauna kusa da shi ina kallo. Yakan ɗaga kwano ya daɗe yana duban kumfar, ya kara a kunne ya saurari yadda take tsiyaya, ya tambayi mai shi yaushe ta rufe jarka, a ɗaki ta ajiye ko a kan rufi. Sannan ya kurɓa don ido. Da ido da kunne ya yi aikin. In ya yi shakka ko kaɗan sai ya ce zubar. Mata suka yi ta ƙorafi cewa Hamad ya tsufa ya zama mai tsanani. Amma ba wanda ya bugu, ba kuma wanda ya gane.

Mijin Bakhita, Isam, yaro ne mai ladabi, ba ya son zaman banza. Ya yi shekara shida a wata masana'antar lemo a bayan gari, aka rage ma'aikata, shi ma aka sallame shi. Sai suka haɗa kai da wani abokinsa Bamisire, suka kama ɗaki a ƙasan wani gini, suka sayi tukwane da tsohuwar na'urar rufe gwangwani wadda ake murɗawa da hannu. Abin da suke so su yi shi ne irin ruwan sha'ir ɗin nan da Misirawa ke kira bira, wanda ba ya bugarwa, amma nasu na hannu ne, kaɗan-kaɗan, kuma da goruba a ciki. A nan ana kiranta dom, ana jiƙa ta a sha da azumi. Isam ya ce ba wanda ya taɓa haɗa ta da sha'ir. Bakhita ta sayar da awarwaronta biyu. Wata huɗu suna dafawa suna zubarwa, har suka cika gwangwani ɗari shida.

Sai maganar wanda zai saya. Manyan kantuna ba sa karɓar abin da ba shi da takarda. Isam ya je wurin Ja'afar a Darrasa, don ɗalibai na son abin sanyi, kuma duk ɗan Arewa ya ji goruba sai ya tuna gida. Ja'afar ya ce yana so. Amma ya ce abin da aka dafa da sha'ir aka bar shi ya kwana, aka kuma kira shi bira, ba zai sa a firijinsa ba sai Baba Hamad ya kurɓa a gabansa ya ce a sha. In ya ce, zai ɗauki duka, ya kuma raba wa sauran masu kanti.

Isam ya dawo yana murna. Ai surukinsa ne. Da ya faɗa, muna bakin ƙofa, Hamad ya ce, "Allah ya kai mu." Bayan yaron ya hau sama, na ce, "Hamad." Ya ce, "Na sani." Shi ke nan abin da muka ce.

Aka sa ranar Juma'a, cikin watan Agustan shekarar da ta biyo, bayan an sauko masallaci. Zafi ya yi zafi, ga shi shekarar nan ana ta ɗauke wuta. An ɗauke tun hantsi, fanka ta tsaya. Muka zauna a ɗakin Hamad a kan sabuwar katifar wani da bai zo ya ɗauka ba. Ja'afar ya iso a jiƙe da gumi, mota uku ya hau. Dije ma ta zo, ta ce ba za a yi ba ita ba. Bakhita ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Isam ya kawo bokiti da ƙanƙara da gwangwanaye shida a ciki, ya zaro ɗaya, ya goge da gefen rigarsa, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Bismilla, Baba."

Hamad ya karɓa, bai buɗe ba. Ya sa tabarau. Gwangwanin mai launin ruwan ɗorawa ne, a jikinsa an zana bishiya doguwa, da 'ya'ya jajaye a ƙarƙashin ganye, da rana tana faɗuwa a baya. An rubuta sunan da manyan baƙaƙen Larabci.

"Wa ya zana wannan?"

"Aya ce, Baba, ƙanwar abokina. Makarantar zane ta yi."

"Ta taɓa ganin goruba?"

"Ta sha sha dai."

"A tsaye nake nufi. Da ƙafarta a ƙasa." Ya juyo da gwangwanin wajenmu. "Ya'ƙub, wannan mece ce?"

Na ce, "Dabino ce."

"Dabino ce. Sanda ɗaya har sama. Goruba rabuwa take yi. Ta tashi ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, kamar an ɗaga hannuwa. Duk itatuwan kaba ita kaɗai Allah ya yi wa haka. Makaho ma in ya shafa zai gane."

Dije ta karɓa ta duba, ta kwashe da dariya. "Wallahi dabino ce. Isam, kai ma ɗan Gadarif, ka bari aka yi maka wannan?"

"Gwaggo, ban lura ba. Launin nake dubawa."

"Launin ma," in ji Hamad. "Goruba ba ja ba ce kamar tumatir. Ruwan ƙasa ce mai sheƙi, kamar goshin ɗan maraƙi. Kuma ba ta zagaye, ƙusurwa gare ta. Yarinyar tana da hannu, ban ce ba. Ranar nan ta yi kyau. Rubutun sunan ma ya zauna, daga nesa za a karanta. Amma ina aka ce ba ya bugarwa?"

Isam ya nuna can ƙasa, kusa da gindin gwangwanin.

"Wannan? Ƙwan kwarkwata ya fi shi girma. Abin da mai saye zai fara nema ke nan, kun ɓoye shi kamar abin kunya. A kai shi sama, kusa da baki."

Ja'afar ya ce, "Wannan gaskiya ne. A gyara wannan."

Hamad ya ci gaba. Ya ce ruwan ɗorawan ya yi kama da na man girki, mace za ta ɗauka ta zuba a kasko. Ya ce tsuntsun da aka sa a kan bishiyar ba a san ko hankaka ba ne ko kaza. Ya murza bakin gwangwanin da yatsa ya ce rufin ya yi kyau, ba ya yanka. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Ni dai na san abin da yake yi. Ina kallon ƙanƙara tana narkewa a bokiti.

Can Ja'afar ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Baba, ai ba gwangwanin za mu sha ba."

"Bar shi," in ji Dije. "Tun yana saurayi haka yake, ya je zance ya ƙare da yabon zanen uwar yarinya."

Aka yi dariya. Hamad ya ja marfin. Ya yi tsss, kumfa ta taso. Ya tsiyaya a kofin shayi, ya ɗaga wajen taga. Ruwan kamar zuma, kumfa fara a kai, ƙananan ƙwayoyi suna ta hawa. Ya kara a kunne.

"Wannan kumfar, tasa ce?"

"A'a, Baba. Iskar gas muke ɗura masa kafin mu rufe, kamar lemo."

"Duka?"

"Duka. Ko ruwan famfo ka ɗura wa haka zai yi."

Na ga hannunsa ya sauko a hankali. Idon da kunnen da suka fitar da shi bara, ga su an toshe. Kumfar da zai karanta ba ta abin ba ce. Ya tambayi kwana nawa aka bar shi kafin a tace, Isam ya ce kwana ɗaya da wuni, sannan a tafasa. Ya tambaya ko duk tukwanen haka, Isam ya ce akwai biyu da wuta ta ɗauke suka ɗan jira, amma ba daɗewa. Ba daɗewa nawa? Bai riƙe ba.

Hamad ya kurɓa. Ya riƙe a baki, ya rufe ido, ya saki numfashi ta hanci. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya tofar a kwano. Ya sake kurɓa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sannan ya miƙo mini kofin.

"Ya'ƙub, ji."

Na kurɓa. Da daɗi, ba zan ɓoye ba. Goruba ce ta fara zuwa, zaƙin nan nata mai ƙamshi kamar an gasa, har na tuna muna yara muna gwaguyarta sai dasashi ya yi jini. Bayanta ɗan ɗacin sha'ir, kamar ƙanzon tuwo. Can ƙarshe, a maƙogwaro, akwai ɗan tsami da ɗan ɗumi. Wannan ɗumin na citta ne, ko na abin da muke tsoro? Na juya shi a baki, na juya. Shekara saba'in ina cin abinci, ban taɓa koyon wannan ba. Hamad yana dubana ta saman tabarau, yana jiran ko fuskata za ta gaya masa wani abu. Ba ni da abin da zan ba shi. Na ce, "Da daɗi," na sunkuyar da kai.

"To, Baba?" in ji Isam. Har yanzu yana durƙushe.

Kalma ɗaya ce. Da ya ce sha, Ja'afar zai aiko mota gobe. Ba wanda zai tuhume shi, ni kuwa ba zan buɗe baki ba, ya san haka. Da ya ce zubar, ya kashe yaron a kan abin da wataƙila tsarkakakke ne. Ya dubi Bakhita, ya dubi hannuwanta da ba awarwaro.

Ya ce, "Ban sani ba."

Dije ta ce, "Kai, bar wasa."

"Ba wasa, Dije. Tun ciwon nan ba na jin komai. Zuma da toka ɗaya ne a bakina. Wannan da na kurɓa, ruwa ne mai sanyi yana tsattsage ni, shi ke nan."

Ana jin mai gas yana buga tukunyarsa a titi.

"Bara fa?" in ji Dije, muryarta ta sauka. "Da ka sa na zubar da nawa rana ta biyu?"

"Tsoro ne. Ki yafe ni."

Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi mini sauƙi.

Isam ya juya wajen Ja'afar. "Ustaz, ka sha da kanka. Ka ji. Wallahi mun tafasa shi."

"Ya akhi, na yarda ba ka yi ƙarya ba. Amma in na sha na ce lafiya, wa ya san harshena? Yaran nan amanar iyayensu ne. In ɗaya ya sha uku ya shiga aji yana layi, ni da kantin mun tashi." Ya dube ni. "Ko Baba Ya'ƙub zai ce?"

Na ce ni mai gadi ne.

Ja'afar ya ce akwai ɗakin gwaji, su kai a auna a ba su takarda, in suka kawo ko ba Baba zai karɓa. Isam ya yi dariyar da ba ta daɗi. Ya ce sun je. An ce su kawo lasisin wurin, wurin kuwa ba shi da lasisi, kuma ba za a ba shi ba da irin katin zaman da yake riƙe da shi. Abokin nasa kuma yana tsoron in ya sa sunansa a zo a rufe ɗakin a kwashe tukwane.

"Ma'alish, a yi haƙuri," in ji Ja'afar. Ya tashi, ya durƙusa ya gaida Hamad, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya ce abin da Baba ya yi ba kowa zai iya ba. Bakhita ta shige kicin, muka ji ta kunna famfo ta bar shi yana zuba.

Isam ya zaga da gwangwanayen wurare. Ya sayar da kaɗan a unguwar Ard al-Liwa, wajen masu shayi, sauran aka jibge a kan rufin benenmu, na rufa musu buhu. Bayan sati uku wasu suka kumbura, gindinsu ya turo. Wasu kuma ba su yi komai ba. Isam ya ce rana ce. Dije ta ce tun farko sun wuce gaɓa. Wanda zai raba gardamar yana zaune a ƙasa yana buga auduga. Har yau ba wanda ya san ko abin da muka kurɓa ran Juma'ar nan halal ne. Abokin ya sayar da na'urar, Isam ya koma dako a kasuwar kayan gwari. Yana gaida surukinsa kullum da safe, bai taɓa fasawa ba, sai dai ba ya zama.

Layya ta zo farkon Oktoba. Rana ta biyu muka fito bakin ƙofa da wuri, kamar yadda muka saba. Hamad ya sa farar jallabiyarsa. Mata suka wuce da nama a faranti, suna gaishe shi, suna tambayar jiki. Ba mai kwano. Labari ya riga ya zaga.

Wajen la'asar sai ga Dije da nata, a rufe da faifai. Ta ajiye a gabansa.

"Ɗauke, Dije."

"Ka duba kumfar mana. Wannan ba gas a ciki."

"In na duba zan ce zubar. Gobe ma zubar. Kin san haka."

Ta tsaya riƙe da ƙugu. "To wa zai gaya mana?"

"Ku sha yau. Abin da ya kwana ku zubar."

"Yau ai bai yi daɗi ba tukuna."

"Na sani."

Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Tun daga shekarar nan haka ake yi a unguwarmu, ana shan sharbot yana ɗanye, rana ta uku da safe makwarara ta cika da dabino. Yaran da suka taso yanzu suna cewa ba su ga abin da ake yabo a cikinsa ba.

Akwai gwangwani ɗaya da Hamad ya ajiye a shagonsa, wanda ya buɗe ran nan, yana zuba allurai a ciki. Wata rana na ga ya ɗauki basilla yana kankare fentin a hankali. Ya fitar wa bishiyar reshe na biyu daga tsakiyar sandar, ya raba kowane biyu. Ya nuna mini.

"Yanzu fa?"

Na ce, "Goruba ce."

Ya mai da alluransa ciki. Na zuba mana shayi.